Alhaji a majalisa: birebe ne matsalar, ko kwangila?



Tun ranar 26 ga watan Yuli na 2023 da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazum Mohamed aka rufe majalisar dokokin ƙasa, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Majalisar da aka girka a Yamai cikin 2025 ta ba da shawara ce, naɗa mutanenta aka yi, ba ƙuri'a ta kai su ba. To in haka ne, wani zai ce, mi ya kawo maganar depite yanzu? Abin da ya kawo ta shi ne, komi daren daɗewa za a sake zama a rubuta dokokin da za su ce wane ne zai iya tsayawa takara, wane ne ba zai iya ba. Ranar da za a yi wannan zaman kuwa ba za a rufe kasuwar Tawa a kira ku ba. In ba mu fara maganar tun yanzu ba, sai dai mu ji labari a rediyo an gama.

Kwanan baya a cikin shirin da nake gabatarwa, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta bugo waya ta ce ita roƙonta ɗaya ne, duk ranar da zaɓe ya dawo kada a sake kawo mata alhazai, don ta ga isarsu: su zo da zane da sukari, su tafi Yamai, shi ke nan sai bayan shekara biyar. Ba ta ajiye wayar ba wani dattijo mai shagon kayan gini ya kira a fusace, ya ce ai ƴan boko ne suka cinye ƙasar nan, alhaji ko ba komi yana da abin hannunsa tun kafin ya je, kuma ana ganinsa wurin suna da wurin jana'iza. Na bar su suka yi ta yi har lokaci ya ƙare. Da na koma gida na yi ta juya maganar, sai na ga kowannensu ya riƙo gaskiya ta wani gefe, amma dukansu sun bar wurin da ƙurjin yake.

Mu fara da yadda ɗan kasuwar Adar yake isa majalisa, don hanyar ba ɓoyayya ba ce, kowa ya san ta a Barmu da Kalfu da Afala da Takanamat. Yaro ne ya tashi a garin da gonarsa dutse ta fi ƙasa yawa, abin da aka noma ba ya kai gida watan azumi. Da ya tasa sai ya bi yayyensa bida, wasu Abijan, wasu Kamaru ko Gabon, wasu Legas, daga baya wasu Libiya da Aljeriya. Ya fara da tallan agogo ko tura baro ko gadin shagon wani ɗan garinsu. In Allah ya yi masa buɗi ya kafa tebur, tebur ya zama shago, shago ya zama sito. Ya soma aiko da kaya gida, ya sayi mota guda, ya je Makka, ya dawo ya gina masallaci da bulo a garinsu, ya haƙa rijiya, ranar da hatsi ya yanke ya aiko da buhuhuna a raba. Kafin a ce haka, duk wata matsala ta garin a ƙofar gidansa take kwana. Mai haƙuri da ciwo, mai ɗan da aka kama, mai auren da ya rasa gado, duk shi ake bugo wa waya. Wato tun bai tsaya takara ba ya riga ya zama gwamnatin garinsu. Wannan ba abin raini ba ne. Gumi ne, kuma dukanmu mun ci albarkacin irin waɗannan mutane ta wata hanya.

Sai jam'iyya ta zo. A tsarin da aka yi aiki da shi tun zaɓen 1993, ba mutum guda ake zaɓa a gari guda ba, jerin sunaye jam'iyya take kawowa na jiha sukutum, ban da ƴan mazaɓu na musamman irin Tasara. Ku duba girman jihar Tawa: daga Ƙonni bakin iyakar Najeriya har can Azawak. Wa zai zuba man da motoci za su zagaya wannan ƙasa? Wa zai buga zanen jam'iyya, ya biya makaɗa, ya ba matasan fada shayi da sukari, ya ɗauki nauyin wakilan da za su kwana a rumfunan zaɓe? Malamin lakwal da ya kafa jam'iyyar da bakinsa da alƙalaminsa ba shi da wannan ƙarfin. Dole a nemi alhaji. Da farko alhazai bayan fage suke tsayawa, su ba da kuɗi, in an ci a tuna da su. Daga baya suka lura cewa wanda suka ɗauki nauyinsa yakan manta hanya in ya isa Yamai, sai suka ce to a sa sunansu su ma. Kujeru kuma suka yi ta ƙaruwa: 83 a 1993, 113 a 2004, 171 a 2016. Wuri ya samu.

Shi kuma alhaji mi yake nema a can, tunda albashin depite bai kai ribar kamyo biyu na siminti ba? Abu uku ne a ganina. Akwai girma, wanda ba wanda ya ƙi shi. Akwai rigar kariya, wadda ta hana a kama ɗan majalisa ko a gurfanar da shi sai majalisar ta yarda. Na ukun shi ne babba: ƙofa. Ƙofar minista, ƙofar babban darakta, ƙofar baitulmali inda takardun biyan ƴan kwangila suke kwana wata da watanni. Ɗan kasuwa na waje layi yake bi. Depite kuwa bugo waya yake yi.

Mai shagon kayan ginin nan yana ganin in ɗan kasuwa ya shiga majalisa, kasuwa ce ta shiga. Bari mu gwada wannan magana da abin da ya faru a 2005, shekarar da ba wanda ya manta da ita a Adar. An zaɓi majalisa a watan Disamba na 2004, da manyan ƴan kasuwa a cikinta ta ɓangaren masu mulki da na adawa. Cikin ayyukanta na farko, a watan Janairu na 2005, akwai dokar kuɗi da ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan garin fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta. A wane lokaci? A lokacin da fari da fara suka cinye damanar 2004, yunwa tana ƙofa. Ina ɗan koleji a shekarar, na ga buhun hatsi ya haura jika 25, na ga mata daga ƙauyukan Keita da Abalak da jarirai a baya suna neman inda likitocin agaji suka kafa tanti. Wa ya tayar da dokar? Ba majalisa ba. Ƙawancen ƙungiyoyin farar hula ne da su Nuhu Arzika suka ja, da ku da kuka rufe shagunanku da rumfunanku a watan Maris aka wayi gari birane sun mutu, Yamai da Maraɗi da Damagaram da nan Tawa. Aka kama shugabannin, aka sake su, a watan Afrilu gwamnatin Hama Amadu ta janye harajin daga kan fulawa da madara, ta sassauta na ruwa da wuta. Mai tuyar fanke ta ceci kanta da kanta. Babban mai shigo da fulawa da ke zaune a majalisa bai rasa barci ba, don shi haraji ba daga aljihunsa yake fita ba, ɗora shi yake yi kan buhu ya miƙo miki. Nan ne ya kamata mu gane cewa sunan "ɗan kasuwa" ya haɗa mutanen da tukunyarsu ba ɗaya ba ce.

A 2008 majalisar nan ta ƙara wa kanta alawus har kotun tsarin mulki ta taka mata birki. A watan Mayu na 2009 Tanja Mamadu ya rusa ta saboda tazarce, ranar 18 ga watan Fabrairu na 2010 kuma Salu Jibo ya kifar da shi. Da aka zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki, wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga watan Nuwamba na 2010, maganar alhazan majalisa tana cikin abubuwan da suka fi zafi. Masu rubutun suka kafa musu shinge biyu.

Shinge na farko shi ne aya ta 84. Ta ce duk jerin sunayen da za a kawo na takarar depite, tilas aƙalla kashi 75 cikin ɗari na mutanen ciki su kasance suna da takardar birebe ko makamanciyarta, marasa ita kada su wuce kashi 25. Hujjar ita ce, wai yaya mutumin da bai iya karanta kasafin kuɗi ba zai ɗaga hannu ya amince da shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu kaɗai muka yi haka ba, kundin Najeriya na 1999 ma ya nemi ɗan majalisa ya kai matakin karatun sakandare. Amma ku duba ƙasar da aka kafa wa dokar. Ƙasa ce da ko rabin manyanta ba su iya karatun boko ba, masu birebe kuwa ƴan tsiraru ne, balle a cikin mata, balle a karkara. Aka ɗauki kujera uku cikin huɗu aka keɓe wa waɗannan ƴan tsirarun. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake riƙe da lissafin sito uku a kansa, ya san farashin albasa daga Galmi har Abijan da abin da ake biya a kowane shinge na hanya, an ce masa jahili ne. Yaron da ya samu birebe da ƙyar, bai taɓa juya dala ta zama biyu ba, an ce shi ne ya cancanta. Ni kaina da nake da bak, in aka ajiye mini kundin kasafin kuɗin ƙasa a gabana, ba zan yi muku ƙaryar na fahimci rabinsa ba.

Da zaɓen 31 ga watan Janairu na 2011 ya matso, kotu ta yi watsi da jerin sunaye masu yawa na jam'iyyu a jihohi daban-daban, har ƴan takara suka roƙi a ɗage zaɓen, sojoji suka ƙi. Amma babban alhaji bai rasa komi ba. In yana da ƙarfi sosai shi ake sakawa cikin kashi 25 ɗin. In bai samu ba, ya sa ƙanensa ko ɗansa da ya yi lakwal. Wanda shingen ya tare shi ne matsakaicin mutum: shugaban ƴan albasa, sarkin tasha, uwar adashi da mata ɗari suke saurarenta. Waɗannan ba su da takarda, ba su kuma da kuɗin sayen wuri a cikin ƴar ragowar.

Shinge na biyu shi ne aya ta 52, kuma ita ce ba a cika karanta muku ba. Ta hana shugaban ƙasa, muddin yana kan mulki, ya sayi ko ya yi hayar wani abu na gwamnati, ta kuma hana shi shiga kwangilar gwamnati, da kansa ko ta hannun wani. Sannan ta ce wannan hani ya hau kan faraminista da ministoci da shugabannin manyan hukumomin ƙasa da ƴan majalisa. Wato in ka zaɓi kujera, ka bar kwangila. In kwangila kake so, ka bar kujera.

Ba a yi shekara guda da kafa Jamhuriya ta bakwai ba aka gwada ƙarfin wannan aya. Alhaji Amadu Umaru Mainasara babban ɗan kasuwa ne da ya shiga majalisar 2011 a ɓangaren masu rinjaye, lokacin da Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya hau mulki. Sai ta bayyana cewa an ba shi kwangilar gwamnati alhali yana depite, kuma kuɗin da ake magana a kai ba miliyan ba ne, miliyar-miliyar ne. Don iyayena mata su gane nauyin kalmar: in kina samun ribar jika biyu kullum, ba ciwo ba hutu, ba ki taɓa ko dala ba, sai kin yi shekara kusan 1370 kafin ki tara miliyar guda. Ƴan majalisar adawa suka kai ƙara gaban kotun tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wadda Fatimata Bazai take shugabanta, matar nan da ta ce wa Tanja tazarce ba ta halatta ba har ya rusa kotunta a 2009. A watan Fabrairu na 2012 kotun ta ce an taka kundin tsarin mulki. Ranar 2 ga watan Afrilu na 2012 ministoci biyu da abin ya shafa suka bar gwamnati: Kalla Hankurau na ayyuka, da Uhumudu Mahamadu na kuɗi, wanda ɗanmu ne, haifaffen Amalul a nan arewacin Tawa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Manyan jiga-jigan jam'iyya mai mulki biyu sun rasa kujerunsu saboda layi uku na doka da wata kotu da ba ta ji tsoro ba. Ba a tambayi alhajin ko yana da birebe ba. Takardarsa ba ta shigo cikin shari'ar ba ko kaɗan. Waɗanda suka sa hannu aka ba shi kwangilar kuwa masu manyan digiri ne, ɗaya masanin lissafin kuɗi, ɗaya injiniya. To ina amfanin shingen farko a nan?

Abin da ya biyo baya shi ma darasi ne. Uhumudu ya je ya shugabanci bankin BIA, ya dawo ya zama daraktan fadar shugaban ƙasa, a 2021 ya zama faraminista har ranar juyin mulki. Kalla Hankurau ya zama ministan harkokin waje a 2018. Ban ce bai kamata mutum ya sake tashi ba in ya faɗi. Abin da na lura da shi dai shi ne, bayan 2012 ba mu sake ganin wata shari'a mai girman wannan a kan aya ta 52 ba. Ko dai duka ƴan kasuwar majalisa sun tuba a rana ɗaya, ko kuwa an koyi rubuta sunan kamfani da sunan ƙane, da na ɗa, da na yaron shago. Ayar ta ce "ko ta hannun wani", amma wa zai bi diddigin hannun? Adawa ce ta kai ƙara a 2012 don abin ya yi mata daidai a siyasa. Ranar da kowane ɓangare yake da nasa alhajin da zai ɓoye, sai a bar kaza cikin gashinta.

Wata za ta ce, ni da nake auna hatsi da tiya, ina ruwana da kwangilar miliyar? Ruwanki ne har wuya. Depite shi ne yake ɗaga hannu a raba kuɗin ƙasa, shi ne kuma doka ta ɗora wa ya bincika yadda aka kashe su. In shi ne ya karɓi aikin gina aji ko shimfiɗa gudron, wa zai tashi a majalisa ya ce rufin ajin ya yaye tun damanar farko? An ba kura ajiyar nama, an kuma ce ita za ta ƙirga. In kwangilar sayo wa gwamnati hatsin ajiya ce, mai kwangilar ya san ranar da za a saya da yawan da za a saya tun kafin kowa, sai ya baza yaransa kasuwannin ƙauye su kwashe, ke kuma ki zo ranar Lahadi ki tarar tiya ta tashi ba ki san dalili ba. In kaya ne ya shigo da su da sassaucin duwan saboda aikin gwamnati, ragowar ta zubo kasuwa, to mai shagon da ya biya duwan cif ba zai iya sayarwa a farashinsa ba. Wato wanda depite ɗan kwangila ya fara kashewa shi ne ɗan uwansa ɗan kasuwa, irin dattijon da ya bugo mini waya yana kare shi.

Akwai wani misalin da duk wanda ya taɓa shiga motar Agadas ya san sunansa, marigayi Sharif Uld Abidin, mai kamfanin motocin 3STV da suke ratsa Tawa dare da rana. Ya zama depite na jihar Agadas a majalisar 2011 a ƙarƙashin PNDS Tarayya, shi ne kuma jagoran jam'iyyar a can, ya rasu a watan Fabrairu na 2016 ana tsakiyar kamfe, kwanaki kaɗan kafin zaɓen ranar 21. Jaridun waje sun sha danganta sunansa da fataucin da ake yi ta Sahara, kotu dai ba ta taɓa kama shi da laifi ba, kuma yanzu yana gaban Mahaliccinsa. Ba wannan ya sa na kawo shi ba. Na kawo shi ne saboda hanya. In akwai mutumin da ya san ciwon hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, kilomita sama da 600 da aka shimfiɗa da kuɗin yuraniyom a ƙarshen shekarun 1970, to shi ne, don motocinsa ne suke karya ƙafa a kanta. Ga shi a majalisa, ga jam'iyyarsa a kan mulki, ga kamfanin Areva ya yi alkawarin yuro miliyan 90 domin hanyar a yarjejeniyar 2014. Duk da haka ya bar duniya direbobi suna sauka daga gudron suna bin gefe don ramuka. Kuma majalisar da yake ciki ce ta amince da dokar hana safarar baƙin haure a watan Mayu na 2015, dokar da ta sa aka kama ƙananan direbobi aka ƙwace motocinsu a Agadas, har sai da sojoji suka soke ta a watan Nuwamba na 2023. Ko da mutum ya san sana'a ciki da waje, in ya shiga ta jerin jam'iyya, hannunsa na jam'iyya ne. Kundin 2010 ma ya ce depite da ya fita daga jam'iyyarsa ya bar kujerar. Wa zai yi gardama da masu rubuta jerin zaɓe mai zuwa?

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a kori ƴan kasuwa daga majalisa ba, akasin haka nake faɗi. Majalisar da ba ta da wanda ya taɓa kwana a Ƙonni da kamyon albasa yana ruɓewa, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, ko lokacin takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, ba za ta san mi ake nufi da rufe iyaka ba. Majalisar da ba ta da wanda ya taɓa biyan fatanti da kuɗin rumfa da tikitin meri a wata guda ba za ta iya rubuta dokar haraji da talaka zai ɗauka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake cewa shi ne, ɗan kasuwar da muke buƙata shi ne wanda arzikinsa yake hannun masu saye, ba wanda arzikinsa yake hannun minista ba. Na farkon in kasuwa ta mutu shi ma ya mutu, saboda haka zai yi magana. Na biyun kuwa ko kasuwa ta ƙone, in dai baitulmali ta biya shi, lafiya lau.

Iyayena mata kuma, taku ta fi ta kowa. Majalisar 1999 mace ɗaya tak ce a cikin mutum 83. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ce a ba mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari, sai ga mata 14 a 2004. Aka ɗaga kason zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Ci gaba ne, ba musu. Amma ku haɗa wannan doka da ta birebe ku gani: jam'iyya tana neman mace, tana kuma neman mai takarda, ƴan guraben marasa takarda kuwa alhazai sun riga sun cinye. To wace mace za a ɗauka? Ba mai sayar da busasshen tumatir da ta aurar da ƴaƴa biyar da kuɗin adashi ba. Ku ne kuke cika fili ranar gangami, ku ne kuke ɗinka zanen, ku ne kuke tsayuwa layi tun hantsi, amma ƙofar da aka ce an buɗe muku da makulli biyu aka rufe ta.

Yanzu ga wani sabon abu. Kundin da Janar Abdurahaman Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. In da gaske ake, to hujjar cewa sai mai birebe zai gane abin da ake tattaunawa ta rage ƙarfi. A fassara kasafin kuɗi, a ba kowane depite mai taimaka masa da karatun takardu, kamar yadda kowane alhaji yake da mai riƙe masa lissafi a shago. Wannan aiki ne na ƴan miliyoyi, ba na miliyar ba.

Wanda yake da wuya shi ne na biyun, kuma shi ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Tawa da na mata su riƙe tun yanzu, su kai shi gaban duk wanda aka naɗa ya wakilci jihar nan. Hanin kwangila ya dawo cikin duk wani kundi da za a rubuta, kuma ya hau kan wanda aka naɗa kamar yadda ya hau kan wanda aka zaɓa, don kujera kujera ce. Duk mai son zama depite ya faɗi sunayen kamfanoninsa da na matansa da na ƴaƴansa da na ƙannensa kafin a sa sunansa, ba bayan an kama shi ba. Kai ƙara kada ya tsaya a hannun ƴan majalisa kaɗai, ƙungiyar ƴan kasuwar da aka ƙwace wa aiki ita ma ta iya zuwa kotu. Sannan duk kwangilar da aka bayar a jihar Tawa, daga aji guda har hanya, a liƙa takardarta a ƙofar meri da sunan mai kamfanin na gaskiya da kuɗin da ranar gama aiki, a kuma aiko wa gidajen rediyo. In aka kawo mini ita, ni zan karanta ta da Hausa ranar Lahadi da safe kafin kasuwa ta cika, abokin aikina kuma ya maimaita da Tamajak saboda mutanen Abalak da Cintabaraden.